Alhakin iyaye ne su koya wa yaro gyara inda ya ɓata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan uwana iyaye, musamman Hausawa mazauna Legas, a kan wani al'amari da muke ɗauka ƙarami alhali kuwa abubuwa da yawa da muke kuka da su daga gare shi suka samo asali. Al'amarin shi ne koya wa yaro ya gyara wurin da ya ɓata: ya ɗauke kwanon da ya ci abinci a ciki, ya naɗe tabarmar da ya kwanta a kai, ya mayar da abin da ya ɗauko inda ya same shi, sannan ya kai ledar da ya gama da ita kwandon shara maimakon ya sake ta a inda yake tsaye. Ni malamin Islamiyya ne a Agege, kuma uba ne, saboda haka abin da zan faɗa abu ne da nake gani a cikin aji da kuma cikin gidajen unguwarmu.

Duk yamma idan aka tashi yara, ajin da aka share tas kafin su shigo sai ka tarar da shi cike da ledar ruwa, da takardar biskit, da ɓawon gyaɗa, da guntayen takardun da aka yage daga littafi. Na sha tsayawa ina kallon yadda abin yake faruwa. Yaro zai tsotse ruwan leda har ya ƙare, sai kawai yatsunsa su saki ledar ta faɗi, bai dubi ƙasa ba, bai ma san ya yar da wani abu ba. Babu mugunta a ciki, hannun ne ba a taɓa koya masa wani abu dabam ba. Idan na ce a ɗauke, amsa iri uku nake samu. Wani zai sunkuya ya ɗauka ba tare da ya ce uffan ba, har ya haɗa da na kusa da shi. Wani zai ce, "Malam, ba ni na yar ba." Wani kuma, kuma wannan ita ce amsar da ta fi damuna, zai dube ni da mamaki na gaskiya ya ce, "Malam, ai a gidanmu Yaya ce take shara," ko ya ce yarinyar gidansu ce take yi. Daga waɗannan amsoshi mutum yana iya gane irin tarbiyyar da ake yi a kowane gida ba tare da ya taka ƙofarsa ba.

Abin da nake so iyaye su lura da shi shi ne, shara ba ta kwashe kanta. Duk abin da yaro ya zubar ya wuce, akwai wanda zai sunkuya ya ɗauka a madadinsa. Ko dai mahaifiyarsa ce wadda tun asuba take tsaye, ko 'yar uwarsa da ita ma take da aikin makarantar da za ta yi, ko maƙwabciyar da ba ta ci ba ba ta sha ba, ko kuma matan nan masu riga ruwan lemu na hukumar kwashe shara ta LAWMA da muke gani suna share manyan tituna da sassafe, motoci suna wucewa ta gefensu a guje. Saboda haka maganar ta wuce ta kyan ɗaki ko burge baƙo, magana ce ta haƙƙi. Yaron da ya tashi yana barin ɓarnarsa ga wani, ana koya masa ne a hankali cewa akwai mutanen da aka halitta domin su bi bayansa suna gyarawa, kuma wannan tunani ba ya tsayawa a kan kwano da tabarma idan ya girma.

Mu da muka tashi a Arewa mun san yadda abin yake a babban gida. Ana share tsakar gida da sassafe, a sake sharewa kafin magariba, kuma yaro ba na uwarsa da ubansa kaɗai ba ne. Idan ya bar buta a tsakiyar hanya kaka za ta kira shi, idan ya watsar da takalmi a ƙofar ɗaki gwaggo ko matar kawu za ta sa shi ya dawo ya jera, kuma babu wanda zai ji haushi domin an tsawata wa ɗansa. A Legas ba mu da wannan gata. Yawancinmu a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago muna zaune ne a ɗaki ɗaya ko ɗaki da falo, a gidajen hayar nan masu ɗakuna suna kallon juna, doguwar baranda ɗaya, madafa ɗaya, banɗaki ɗaya ko biyu ga iyalai masu yawa, Bahaushe da Bayarabe da Igbo duk a wuri guda. Maigida ya fita kasuwa ko bakin aiki tun kafin gari ya waye, cunkoson motoci ba zai bar shi ya dawo ba sai bayan isha. Kaka tana can gida, maƙwabci kuma yana tsoron ya yi wa ɗan wani magana a ce ya tsane shi. Aikin da mutum goma suke yi a kan yaro ɗaya a da, yanzu ya dawo kan mutum biyu, kuma idan su biyun suka yi sakaci babu na ukun da zai cike gurbin.

A irin wannan zama kuwa, ɓarnar yaro ba ta tsayawa a ɗakin iyayensa. Duk wanda ya zauna a gidan haya ya san cewa rigingimu da yawa tsakanin matan gida daga nan suke tashi: yaro ya shiga banɗaki ya fito bai kora ruwa ba, ko ya zubar da ragowar shinkafa a bakin famfo, ko ya bar bokiti a tsakiyar baranda wani ya yi tuntuɓe da shi cikin duhu. Uwar da aka kawo wa ƙara takan ce, "Ai yaro ne," maganar ta zama cacar baki, har ta kai ga mazaje, wani lokaci ta kai ga mai gida ya ba da takardar tashi. Abin da ya fi ciwo shi ne, a garin da muke baƙi ba a cewa ɗan wane ne ya yi, cewa ake yi Hausawa ne. Mutanen da suke alwala sau biyar a rana, waɗanda addininsu ya ce tsarki rabin imani ne, bai kamata a riƙa jingina musu ƙazanta saboda abin da za a iya gyarawa a cikin ɗaki ba.

Daga baranda kuma sai kwata. Legas gari ne da yake kwance a bakin teku, ruwan sama yana da yawa, kuma magudanar ruwa ita ce ran unguwa. Ledar da yaro ya saki a ƙofar gida iska ce za ta tura ta cikin kwata, ta haɗu da dubunnan irinta da robobin lemo, su toshe hanyar ruwa. Idan damina ta kankama a watannin Yuni da Yuli, ruwan da ya rasa hanya sai ya dawo cikin ɗakunanmu da duk abin da ya kwaso, ya jiƙa katifa da buhun abinci, wanda ya kwanta kuma ya zama wurin hayayyafar sauro. Ragowar abincin da aka bari a buɗe shi yake kiran ɓera da kyankyaso da ƙuda. Ba mu manta ba cewa a watan Yunin 2024 gwamnatin jihar ta sanar da ɓarkewar cutar amai da gudawa, cutar da take yaɗuwa ta gurɓataccen ruwa da abinci, kuma an yi asarar rayuka.

Hukuma ta gwada dokoki iri-iri. Tun zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon, da aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, aka saba da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, inda ake hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. A 2015 wata kotun tarayya a Legas ta ce hana mutane fita ba ya bisa doka, a 2016 kuma gwamnatin Akinwunmi Ambode ta soke tsarin. Kasuwanni suna da tasu sharar ta ranar Alhamis, ba a buɗe shago sai ƙarfe 10. A watan Oktoban 2023 an rufe kasuwar Mile 12 na 'yan kwanaki saboda matsalar shara, kuma duk wanda yake da ɗan uwa mai sayar da tumatir ko tattasai ya san abin da rufe kasuwar kayan gwari ko na kwana ɗaya yake jawowa. A watan Janairun 2024 an haramta farar robar nan mai kama da soso da ake zuba abincin sayarwa a ciki, daga baya aka faɗaɗa haramcin zuwa wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Ba na cewa hukuma ta gama nata, domin akwai unguwannin da motar shara take daɗewa ba ta shiga ba, kuma akwai magudanan da suka shekara ba a yashe su ba, wannan kuwa haƙƙinmu ne mu nema. Amma doka iyakarta ta riƙe hannun mutum na 'yan sa'o'i ko ta ci shi tara. Hannun da yake sakin leda ba tare da mai shi ya sani ba, a gida aka bar shi ya saba, kuma tun yana ɗan shekara uku ya kamata a ce an kama shi.

Inda muka fi yin kuskure, a ganina, shi ne a kan 'ya'ya maza. A gidaje da yawa yarinya 'yar shekara bakwai ta iya shara da wanke-wanke da goyon ƙani, amma yayanta ɗan shekara goma sha biyu zai ci abinci ya tashi ya bar kwanon a inda ya zauna, ya cire kayan makaranta ya watsar a kan katifa, ya fita ƙwallo. Idan uwa ta ce ya ɗauke, wani lokaci uban ne da kansa zai ce a ƙyale shi, wai namiji ne, kada a mayar da shi ɗan daudu. Ina roƙon iyaye maza su sake tunani a kan wannan magana, domin ba ta da tushe a addini kuma ba ta da tushe a rayuwar da muke yi. An tambayi Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a cikin gidansa, sai ta ce yana kasancewa cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. An kuma ruwaito cewa yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa da hannunsa. Wane ne ɗanmu da zai fi ƙarfin ɗaukar kwanon da shi ya ci a ciki?

Mu dubi garin nan da idon basira. Mai shayin da yake bakin titi namiji ne, kuma kafin ya kwanta sai ya wanke kofuna ya goge tebur ya jera gwangwanayen madara. Masu wanki da guga maza ne. Ɗan ci-ranin da ya zo daga Sakkwato ko Katsina ya bar iyali a gida, shi yake wanke kayansa, shi yake dafa abincinsa, kuma babu wanda ya ce mazantakarsa ta ragu. Ɗan da muke hana wa taɓa tsintsiya yau, gobe makarantar kwana za ta karɓe shi, ko jami'a, ko sansanin masu bautar ƙasa, inda babu uwa babu ƙanwa, sai ya zama abin ƙorafi ga abokan ɗakinsa. Daga nan kuma sai aure, ya ɗauki 'yar mutane ya ɗora mata abin da ya saba ɗora wa uwarsa, ba tare da ya taɓa ganin aikin a matsayin aiki ba, balle ya gode. Ita kuma babbar 'yar da aka tara wa komai, sau da yawa ita ce take zuwa aji a makare, tana gyangyaɗi, haddarta ba ta zauna ba, a ce ba ta da ƙoƙari alhali gajiya ce. Raba aikin gida tsakanin 'ya'ya maza da mata gwargwadon shekarunsu yana cikin adalcin da aka umarce mu da yi a tsakaninsu.

Gidajen da Allah Ya hore wa har suka ɗauki 'yar aiki su ma suna da nasu haɗarin, wataƙila ma ya fi girma. Sau da yawa yarinyar da aka kawo daga ƙauye sa'ar 'ya'yan gidan ce, amma ita ce za ta bi su tana tsince abin da suka watsar, su kuma suna kwance suna kallon talabijin ko suna danna waya. An ɗauke ta ne domin ta taimaka wa uwar gida, kuma hakan bai ɗauke wa yaro gyaran shimfiɗarsa da wanke kofinsa ba.

Na san abin da iyaye mata za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Za su ce idan aka sa yaro shara sai ya bar rabi, idan aka sa shi wanke kwano sai ya ƙarar da sabulu ya jiƙa rigarsa, gara uwa ta yi da kanta cikin minti biyar ta huta. Haka ne, a yau ya fi sauri, amma uwar da ta zaɓi saurin yau za ta yi shekara ashirin tana wannan minti biyar ɗin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan shekara biyu zuwa uku yana jin daɗi a ce ya kai leda kwando ko ya mayar da kayan wasansa cikin kwali, domin a wurinsa wasa ne, kuma a wannan lokacin ne ake kafa ɗabi'ar. Ɗan shekara biyar zai iya jera takalma da kai kwanonsa wurin wanke-wanke. Wanda ya kai shekara bakwai, lokacin da aka ce a fara umartarsa da salla, ya isa ya naɗe shimfiɗarsa, ya rataye kayan makarantarsa, ya share gefen da ya ci abinci, ya kuma bar banɗaki yadda zai so ya same shi. Idan ya yi aikin bai yi kyau ba, kada a karɓe tsintsiyar a gabansa ana faɗa, a kama hannunsa a nuna masa lungun da ya bari. Manzon Allah da kansa ya koya wa yaro Umar ɗan Abu Salama ladabin cin abinci a lokacin da suke ci tare, ya ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da yake gabansa, cikin taƙaitattun kalmomi masu taushi, kuma yaron ya ce haka ya ci gaba da ci tun daga wannan rana.

Ƙuncin ɗaki ba hujja ba ce, hasali ma shi ne ya sa abin ya zama dole. Yaro ba zai iya mayar da abu wurinsa ba idan abin ba shi da wuri. Ƙusa ɗaya a bango domin jakar makaranta, kwali ɗaya a ƙarƙashin gado domin takalma, tsohon bokitin fenti mai murfi a bayan ƙofa domin shara, waɗannan ba sa cin kuɗi. Na ga gidan da uwa ta ɗaura aikin a kan lokutan salla, bayan asuba kowa ya naɗe abin da ya kwanta a kai, kafin magariba kowa ya tattara nasa, kuma yaran gidan sun saba har ba a sake faɗa musu.

Abu biyu nake roƙon a guje wa. Na farko, mayar da shara horo. Mu malamai muna da hannu a wannan, domin a makarantu da yawa wanda ya makara ko ya yi surutu shi ake ba tsintsiya ko a tura shi wanke banɗaki, sai yaro ya tashi yana ganin tsafta aikin mai laifi ce. A ƙasar Japan ɗalibai ne suke share azuzuwansu a matsayin wani ɓangare na ranar makaranta, kowa da kowa, shi ya sa duniya ta ga magoya bayan ƙungiyarsu suna tsince shara a filin wasa bayan an tashi a gasar cin kofin duniya ta Ƙatar a 2022. Mu kuwa muna da abin da ya fi wannan a tarihinmu, wato matar nan da take share masallacin Madina, wadda da ta rasu aka binne ta ba a sanar da Manzon Allah ba, sai ya tambaya, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Na biyu, sayen aikin da kuɗi ko alewa. Yabo da sa albarka sun isa, domin gyara abin da ka ɓata bashi ne a kanka, ba a biyan mutum lada don ya biya bashinsa.

Duk wannan kuma ba zai yi tasiri ba idan yaro yana ganin akasinsa a wurin babba. Uban da zai sha rake a ƙofar gida ya tashi ya bar ɓawon a wurin, ko ya jefa robar ruwa ta tagar danfo, wato motar haya, ɗansa yana zaune a cinyarsa, ya rushe abin da uwa ta yi wata guda tana ginawa. Uwar da take aiken yaro da daddare ya juye shara a cikin kwata idan ruwan sama ya sauko, domin kada a biya kuɗin masu kwashewa, ta koya masa cewa ƙazanta halal ce matuƙar babu mai gani. An ce kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi a kan abin da aka ba shi kiwo, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Wanda yake son ɗansa ya kawar da abin da wani ya yar, sai ya fara hana shi zama mai yarwa.

Ina kira ga limamanmu na Juma'a a Agege da sauran unguwannin Hausawa da su ware huɗuba a kan wannan batu, su kuma ambaci batun 'ya'ya maza musamman, domin iyaye maza sun fi jin magana daga kan mumbari. Ina kira ga 'yan uwana malaman Islamiyya da mu ware minti biyar na ƙarshen darasi kowane yaro ya tsince gefensa kafin a yi addu'ar tashi, ba tare da ware mai laifi ko mace ba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni kuma za su iya sa baki a wuraren taruwarmu, musamman filin Idi da wuraren ɗaurin aure da walima, inda ake watsewa a bar tsofaffin jaridu da ledoji da robobi, ta hanyar roƙon kowane magidanci ya zo da leda ɗaya ya ba ɗansa ya tattara abin da iyalinsa suka yi amfani da shi.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina roƙon jaridarka ta buɗe fili ga iyaye mata su faɗi nasu, domin su ne suke ɗauke da mafi yawan wannan nauyi kuma sun fi mu sanin dabarun da suke aiki a ɗaki ɗaya mai yara biyar. Na gode da wannan dama da ka ba ni.

Wassalam.

Naka,
Malamin Islamiyya kuma mai karanta jaridarku,
Agege, Legas.